Muryar Da Ba Ta Numfashi

'Yan uwa masu bibiyata, wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, wanda yake kan hanya ya samu gefe ya tsaya, don abin da ya faru a gidanmu cikin makon nan ba a jin sa da rabin hankali. Ni kaina da aka yi komai a gabana, idan na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a bakin keken ɗinki, har Yaya ta fara kallona tana tambayar ko lafiya. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni kuma, ni ce Auta. Ɗinkin labule nake yi a shagon yayata, kuma ni kaɗai na rage a gaban Abba da Umma, abin da Gwaggo, ƙanwar Abba, ta ɗauka tamkar wani ciwo ne da ya kamata dangi su taru su nemo masa magani.

Sai kun san Abba kafin ku gane tashin hankalina. Tsohon mai karanta labarai ne a gidan rediyo. Shi ya yi ritaya, muryarsa ba ta yi ba. Ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya gyara zama ya gyara murya, ka rantse sanarwar sauyin gwamnati zai yi. A gidanmu ba a haɗiye ƙarshen magana, ba a yin ta da abinci a baki, kuma idan ka ce "am, am" a tsakiyar zance sai ka koma ka faro daga farko. Akwai saurayin da Abba ya sallama don wai ta hanci yake magana. Umma ta ce masa miji fa ake nema wa yarinya, ba ma'aikacin rediyo ba. Ya ce mutumin da bai iya riƙe zancensa ba, ina zai iya riƙe gida. Gwaggo kuwa duk zuwan da za ta yi sai ta zo da hoton ɗan wata ƙawarta a waya, ta tura mini a fuska tana cewa in duba da kyau, wannan har gida gare shi.

To ku ji inda Allah ya kai ni.

Wata rana hannun tabarau ɗin Abba ya karye, aka aike ni gyara. Shagon ɗan siriri ne, madubai ta ko'ina, tabarau jere a bango, can ciki kuma injin goge gilashi yana ta kukansa. Wanda na tarar dogo ne, da farar rigar aiki, ya saƙale wata 'yar sukudireba a bayan kunne. Ya karɓi tabarau ɗin ya juya shi a hannu, ya yi murmushi, bai ce mini uffan ba. Na ce a raina, wannan kuma jan aji ne ko rowar magana? Da na tambaye shi yaushe zan dawo, ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Na ga wuyansa ya ɗaure, idonsa ya rufe, sannan da ƙyar ya fitar da "go-go-gobe." Ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Ni kuwa a nan take na ji wani abu ya taɓa ni a ƙirji, kuma ban taɓa jin irinsa ba.

Na koma gobe ɗin. Mako ya zagayo na kai na Umma, wanda lafiyarsa ƙalau. Daga baya na sayi baƙin tabarau a bakin hanya na kwance masa sukuru da ƙusar keken ɗinki na kai. Ya duba, ya dube ni, ya ciro wayarsa ya rubuta wani abu ya juyo mini da ita: "Wannan da gangan aka kwance shi. Ki ba ni lambarki ki huta da ɓarna." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na bayar. Tun daga ranar a wayata sunansa Mai Tabarau, kuma haka kowa a gida yake kiransa.

In'ina gare shi tun yana yaro. A rubutu aku ne, zai sa ki dariya har cikinki ya ƙulle, amma a baki kowace kalma sai ya yi kokawa da ita. Idan muna zaune mu biyu harshen yakan ɗan saki, sai dai bai taɓa sakinsa gaba ɗaya ba. Kiran waya kuwa shi ne dodonsa. Ko masu kawo masa aiki saƙo yake tura musu idan ya gama. Ni ban damu ba, na ma saba jiransa, har nakan ji daɗin shirun da ke tsakanin kalmominsa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Abba.

Wata rana na ba shi labarin saurayin da aka sallama saboda hanci. Bayan kwana kaɗan ya zo da dabara. Idan ya rufe shago sai ya shige ɗakin baya, ya kashe inji, ya ɗauki gaisuwa a waya. Ya faɗa ya goge, ya faɗa ya goge, har jimlar ta fito a miƙe, sannan ya yanko masu kyan ya harhaɗa ya tura wa Abba saƙon murya. Ya roƙe ni kada in faɗa a gida, ya ce shi zai faɗa da bakinsa idan zuciyarsa ta yi ƙwari. Na yi masa alkawari.

Ku kuma sani, muryar nan idan ba ta maƙale ba, Allah ya yi mata kauri da sanyi. Saƙon farko Abba ya yi ta maimaita shi har Umma ta haddace. Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Wannan yaron ya san inda ake ajiye waƙafi." A bakin Abba wannan ya fi a ce mutum yana da gida da mota. Daga nan abin ya zama kamar shirin mako-mako. Saƙo yana shigowa Abba zai tura shi guruf ɗin tsofaffin abokan aikinsa, su yi ta yabo. Gwaggo, da ta ga aure ya fara ƙamshi, ta manta da 'ya'yan ƙawayenta ta koma bayan Mai Tabarau. Ita kuwa shafinta a buɗe yake wa duk duniya, ko atishawa aka yi a dangi sai ta ɗora. Ta ɗora muryarsa, ta ɗora hotonsa, ta ɗora sunan shagon, ta rubuta a ƙasa wai a taya su murna sun yi suruki mai bakin zinariya. Abba yana ta tambayar yaushe yaron nan zai zo su zauna, shi kuma yana ta turo uzuri cikin murya mai daɗi.

Ranar Talata da yamma na dawo daga shago da ledar zoben labule a hannu, ina 'yar waƙata. Tun daga ƙofa na ji gidan ba daidai ba. Wayar Umma tana ta ruri, Abba yana zaune a falo ya ajiye hula a gefe, Gwaggo ta riga ta iso ta harɗe hannuwa a ƙirji. Umma ta ja ni kicin ta ba ni labari a gaggauce. Tun da rana abokan Abba suke kira suna jajanta mata, wai saƙo yana ta fita daga akawun ɗinsa na manhajar tura saƙo cewa yana kwance a asibiti, a taimaka masa, har da hoton katin shaidarsa don a yarda. Shi kuwa manhajar ta kore shi daga akawun ɗin, ta ƙi buɗe masa. Abban da ko ashana bai taɓa aika a aro masa a maƙwabta ba, yau ga sunansa yana yawon roƙo a wayoyin mutanen da suka san shi da girmansa.

Da na koma falo Abba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce da safe Mai Tabarau ya kira shi da wata lamba, wai ta shago ce. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce ai shi da labaran Abba ya tashi, babu wanda ya kama ƙafarsa har yau. Sannan ya ce shagonsu yana yi wa 'yan fansho sabon tabarau kyauta, yana so ya sa sunan Abba a gaba, sai dai a ɗauki hoton katin shaida gaba da baya a turo, da wasu lambobi da za su shigo ta saƙo. Abba ya tura hoton, ya kuma karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, da muryar labarai.

Na ce, "Abba, kira ya yi? Kai tsaye, yana faɗa kana amsawa?"

Ya ce, "Mun daɗe muna hira. Ko tuntuɓe bai yi ba."

Jama'a, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, don na san ko duk duniya za ta taru ta tura shi, Mai Tabarau ba zai yi doguwar hira a waya ba tuntuɓe ba. Amma ku dubi inda na yi dariyar. Abba ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, Umma ta mintsine ni a baya, Gwaggo ta ce ga shi nan, yaron ya gama da ita, uban yana cikin baƙin ciki ita tana washe baki.

Na haɗiye dariyar na durƙusa kusa da shi. Na ce wallahi ba shi ba ne, muryarsa aka sata. Na yi musu bayani iya abin da na sani, cewa yanzu akwai manhajojin da idan aka ba su ɗan guntun maganar mutum sai su riƙa faɗin duk abin da aka ga dama da muryarsa, kuma saƙonnin nan sun yi yawo har inda ba mu sani ba. Gwaggo ta ce ta ji satar waya, ta ji satar takalmi, har satar miji ta ji, amma murya a maƙogwaro take, sai dai idan an yanka mutum. Abba ya ce kunnensa ne sana'arsa, bai taɓa ɗaukar muryar wani a ta wani ba. Sannan ya yanke hukunci: kada ya ƙara jin sunan yaron nan a gidansa.

Hujjata tana kan harshena, amma alkawari ya danne ta. Idona ya ciko. Na ce Abba ka bari ya zo sau ɗaya kawai, idan ka gan shi ka ji shi ka ce a'a, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. Umma ta sa baki a hankali, ta ce ko alƙali ma yakan ji ta bakin wanda ake ƙara. Abba ya ɗauki hularsa ya miƙe, ya ce ya zo gobe da yamma.

Ina shiga ɗaki na faɗa kan gado na ciro waya.

"Akwai matsala. An kira Abba da muryarka an yaudare shi."

"Ni? Me na ce?"

"Ka yi doguwar hira ba tuntuɓe."

"To ki riƙe wancan ɗin, ya fi ni iyawa."

Na yi dariya da hawaye a fuskata, sannan na zayyana masa komai. Nan take wasa ya tafi. Ya ce a sanar da duk wanda aka sani kada ya tura komai, a kai rahoto, a je ofishin layin waya da safe. Sai da ya gama tsara wa Abba mafita kaf, sannan ya tuna da tasa matsalar.

"Idan na zo na buɗe baki, zai kore ni. Idan ban zo ba, ni ɓarawo ne."

"To wanne ka zaɓa?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Na rungume filo ina kallon wayar. Can saƙon ya shigo.

"Wace riga zan sa?"

Washegari da safe Yaya ta raka Abba ya kai rahoto, aka ce masa za a karɓo akawun ɗin amma sai an yi haƙuri. Ni da Umma muka wuni muna kiran mutane muna ce musu Abba lafiyarsa lau, yanzu ma ya gama shan shayi. Da yamma ta gabato na share falo, na sauke tsofaffin labule na ɗaura sababbi masu ruwan toka da na ɗinka da hannuna, na goge tsohuwar rediyon Abba da hotonsa na zamanin aiki, inda ya sa baki a makirfo yana ɗaure da fuska. Na sa doguwar riga ruwan zuma, na cire, na sa shuɗiya, na cire, na koma ruwan zumar. Gwaggo ta iso tun kafin lokaci, ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, ta ce ita ba za a ba ta labari ba.

Ya zo da shuɗiyar riga da ta sha guga har tana neman yanka hannu, takalmi yana ƙyalli, da ledar lemo a hannu. Gumi kuwa ya riga ya jiƙa masa wuyan rigar. Na buɗe masa ƙofa, na ce masa a hankali ina nan. Ya gyaɗa kai ya shiga, ya rage tsawo a gaban Abba.

Sallamar ce ta fara maƙalewa. Ya ja harafin farko, ya tsaya, ya sake ja. Agogon bango kaɗai ake ji. Da ƙyar ya kai ƙarshenta.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko? Rashin gaskiya ya ɗaure masa harshe."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wannan kam ko a mafarki ban hango shi ba. Ni a lissafina yana buɗe baki gaskiya za ta fito, ashe abin da na ɗauka hujja ce shi za a juya ya zama shaidar laifi. Shi kuwa bai kalli Gwaggo ba. Ya damƙe gwiwarsa da hannu ya dubi Abba.

"A-Abba, ni m-mai in'ina ne. Tun ina ƙ-ƙarami."

Ya ci gaba, kalma tana fita tana tsayawa. Ya faɗi ɗakin bayan shago, ya faɗi gogewa da maimaitawa da harhaɗawa, ya ce tsoro ne ya sa shi, kuma bai taɓa kiran Abba a waya ba don ba zai iya ba. Abba ya saurara fuskarsa a ɗaure. Da ya gama, Abba ya ce jiya yana zuba kamar famfo, yau kuma ya zo masa da wannan wasan kwaikwayon? Ya ce ya yi zamani da 'yan wasan rediyo, ya san ana koyon kowace irin magana. Na ga ya dafa hannun kujera zai miƙe, kuma na san idan Abba ya miƙe magana ta ƙare. Na kalli Umma, ta kawar da kai tana goge ido da gefen mayafi.

Daidai nan wayar Gwaggo ta ɗau ruri a cikin jaka. Baƙuwar lamba ce. Ita kuwa Gwaggo ba ta kara waya a kunne, wai tana sa mata ciwon kai, duk kiran da ya shigo sai kowa ya ji. Ta danna ta ce wa ke magana.

"Ƙanwata, ni ne Yayanki."

Muryar Abba ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, da kaurinta da yadda take jan ƙarshen kalma. Ta ce an sace masa waya, wannan sabuwar lambarsa ce, yana ofis ana neman wani ɗan uwa ya tsaya masa, ta yi sauri ta ɗauki hoton katin shaidarta ta turo. Gwaggo ta kalli wayar, ta kalli Abba da ke zaune a gabanta bakinsa a rufe, ta sake kallon wayar. Sannan ta ce, "Yaya, kai ne?"

"Ni ne," in ji wayar.

"Ni ne," in ji Abba.

Gwaggo ta saki salati ta miƙa wayar can nesa da jikinta kamar ta ɗauko garwashi. Abba ya ɗaga mata hannu ya yi mata alama ta bar shi ya ci gaba. Ta tattaro sauran ƙarfinta ta ce ba ta gane ba, ya sake yi mata bayani. Muryar ta shiga zuba. Abba ya rufe ido, ya karkata kai gefe, ya sa yatsa a bayan kunne, yadda Umma ta ce yakan yi a ɗakin watsa shiri. Muka yi tsit muna kallonsa yana sauraron kansa.

Can ya buɗe ido ya ce a hankali, "Ba ya numfashi."

Ya karɓi wayar daga hannun Gwaggo, ya gyara murya ya ce, "Kai mai muryata. Ƙuruciyata na ƙarar ina koyon inda ake shaƙar iska a cikin magana, ka zo ka kwashi muryar ka bar numfashin a baya. Ko sanarwar cigiya ba zan ba ka ka karanta ba." Ƙit, aka kashe.

Umma ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, sai dariyar ta fashe. Na bi ta. Gwaggo tana hawaye tana dariya tana tura mini wayarta, wai in rufe mata shafin nan yanzu-yanzu, in goge komai, har hoton kyanwarta kada a bari. Abba kansa sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya ce jiyan ma ya ji wani abu bai zauna ba a maganar, mutum yana tafiya daga jimla zuwa jimla babu inda ya ja iska, amma da aka ce masa babu wanda ya kama ƙafarsa sai kunnen ya toshe. Umma ta ce to Alhamdulillahi, yau dai an ji daga bakin mai ita.

Mai Tabarau yana nan a durƙushe, bai yi dariya ba. Abba ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce ya tashi ya zauna a kujera. Ya ce, "Na zalunce ka a zuciyata, ɗana. Ka yafe mini." Ban taɓa jin Abba ya faɗi haka ga wanda ya haifa ba, balle baƙo. Sai kuma ya ɗan ɗaure fuska ya ce amma shi ma ya yi masa yankan kaset, aikin da su a zamaninsu da reza suke yi, kuma abin haushin ya iya har bai ji gaɓar ba. Ya tambaye shi gaisuwa ɗaya takan ɗauke shi tsawon wane lokaci. Mai Tabarau ya ce wani lokacin har maƙwabtan shago su rufe su watse yana ciki.

"Duk don ka gaishe ni?"

Ya gyaɗa kai.

Abba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa alhali babu abin da ya same shi. Da ya mayar ya ce to yanzu ba inji ba reza, ya faɗi abin da ke ransa game da 'yarsa da bakinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, ya sha wuya. Sunana kaɗai sai da ya yi masa gardama. Ya ce yana so na, ya ce ba shi da baki amma yana da hannu da sana'a, kuma ba zai bari in yi kuka saboda shi ba. Jimlolin ba su da yawa, amma kafin ya kai ƙarshe gumi ya wanke masa fuska, ni kuma hawaye ya wanke tawa. Gwaggon da ta kira shi marar gaskiya ita ce take ɗaga kai tana bin kowace kalma da leɓe, kamar tana taya shi turawa.

Abba ya ce, "Wancan ya yi mini magana mai santsi ya tafi da sunana. Kai kuwa na ga abin da kowace kalma ta ci maka. Ka ce wa manyanka ina jiran su."

Gwaggo ta miƙe ta rungume Umma har suka kusa kifar da tiren shayi. Ni kam na zauna a hannun kujera ina dariya ina share fuska, farin ciki ya cika ni har ban san inda zan sa shi ba. Aka yanka lemon da ya kawo, Abba ya sa shi ya duba masa tabarau wai yana zamewa a hanci, shi kuma ya ciro 'yar sukudirebarsa daga aljihu ya ɗaure, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Rana ta kusa faɗuwa na rako shi bakin ƙofa. Muna tsaye muna kallon juna kamar sababbin sani, ni na kasa rufe baki shi ya kasa buɗewa, sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, amma hoton da ya fito a kai nawa ne, wanda nake tallan labule da shi a shafin shagonmu, inda kullum nake ɗora bidiyo ina surutu. Wayata kuwa tana hannuna. Ya kalle ni, na kalle shi. Mutumin da ke gudun kira kamar wuta ya danna ya ɗaga wayar a tsakaninmu.

"Masoyina, ni ce Auta," in ji muryata. "Ina cikin matsala, don Allah ka saurare ni."

Tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa ya yi murmushi, ya ja numfashi mai tsawo, ya kai wayar kusa da bakinsa.

"K-kin makara," ya ce. "Yanzu aka b-ba ni ta gasken."